Shin Inshorar Lafiya Tana Ceton Rayuka? Darasi Kan Yadda Kimiyya Ke Gano Sanadi

Gabatarwa

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, amma duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san cewa neman lafiyar nan da kuɗi ake yin sa. Akwai kuɗin kati, da na gwajin jini, da na magani, idan kuwa abin ya kai ga tiyata, a wurare da yawa sai an ajiye wani abu kafin alƙalami. Saboda haka ne ƙasashe da dama suka ɓullo da tsarin inshorar lafiya, domin kada rashin kuɗi a aljihu ya tsare mutum a ƙofar asibiti. Tambayar da wannan darasi zai duba ita ce: shin mallakar wannan inshora tana rage mutuwa, ko kuwa aljihu kawai take karewa?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace abin da ake nufi da ceton rai. Mun san kowane mai rai mamaci ne, kuma babu katin da ke kankare ajali. Abin da masana ke nufi shi ne abin da ake iya ƙirgawa: idan aka ɗauki jama'a kashi biyu masu kama da juna, kashi ɗaya suna da inshora, ɗaya kuwa ba su da ita, a wane kashi za a fi samun mace-mace cikin shekara ɗaya ko biyu? Mai karatu zai iya cewa ai wannan abu ne mai sauƙi, a je a ƙirga mana. Sai dai masana sun shafe fiye da shekara 40 suna ƙirgawa kafin su sami amsar da akasarinsu suka gamsu da ita. Dalilin wannan jinkiri shi kansa darasi ne ga duk ɗalibin kimiyya.

Mece ce inshorar lafiya?

Inshora ta yi kama da adashi ta fuska ɗaya, ta kuma bambanta da shi ta wata fuskar. A adashi kowa yana zubi, kuma kowa zai kwasa idan layinsa ya zo. A inshora kowa yana zubi, amma wanda ciwo ya kama ne kaɗai ake cire wa. Alal misali, mu ɗauka akwai ƙauye mai mutum 1,000, kuma a kowace shekara mutum 10 daga cikinsu sukan buƙaci aikin asibiti na naira 200,000. Babu wanda ya san a kan wa abin zai faɗa, kuma kaɗan ne za su iya biyan wannan kuɗi lokaci guda ba tare da sun sayar da gona ko dabba ba. Idan kowa ya zuba naira 2,000 a shekara, an tara naira miliyan 2, wadda za ta biya wa mutum goman nan gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a wasu jihohin Arewa ake kiran tsarin da sunan taimakekeniyar lafiya.

Ƙasar Jamus ce ta fara wajabta wa ma'aikata inshorar rashin lafiya a shekarar 1883, zamanin Otto von Bismarck. Birtaniya ta bi wata hanyar a 1948, inda ta mai da kula da lafiya kyauta ga kowa, ana biya daga haraji. Amurka kuwa ta tsaya a tsakiya. A 1965 ta kafa shirin Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama, da shirin Medicaid domin wasu rukunonin talakawa, sauran jama'a kuma akasarinsu ta wurin aiki suke samun inshora. A shekarar 2010 kusan mutum miliyan 50 a ƙasar ba su da ita. Wannan ya sa yawancin binciken da za mu duba daga Amurka ya fito: a can mai inshora da mara ita suna zaune a gari ɗaya, kuma ana rubuta kowace mutuwa a rajista.

Ta wace hanya kati zai kai ga rai?

Katin inshora ba magani ba ne. Idan har yana rage mutuwa, to ta wasu hanyoyi yake bi, kuma masana sun fi ambaton guda uku. Ta farko ita ce zuwa asibiti da wuri: wanda ba ya tsoron kuɗi ba zai zauna a gida yana jiƙe-jiƙe har ciwo ya ci ƙarfinsa ba. Ta biyu ita ce ɗorewa a kan magani. Hawan jini da ciwon sukari cututtuka ne da ake shan maganinsu kullum har ƙarshen rayuwa, kuma mai saye daga aljihunsa yakan sha wata ɗaya ya huta wata biyu, har wata rana shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ya afka masa. Ta uku ita ce lokacin gaggawa, kamar haɗarin mota ko naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, inda sa'a guda ta neman rance take iya zama sa'ar ƙarshe.

Waɗannan duk hankali zai ɗauka. Amma a kimiyya, abin da hankali ya ɗauka zato ne kawai har sai an gwada shi.

Tarkon ƙirge na farko

Hanyar da ta fara zuwa wa masana ita ce su bi diddigin masu inshora da marasa ita na wasu shekaru, su ga waɗanne suka fi mutuwa. Da irin wannan hanya ce wata babbar cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta ƙiyasta a 2002 cewa rashin inshora yana jawo mutuwar kimanin mutum 18,000 a shekara. A 2009 wasu masana na Jami'ar Harvard suka ce adadin ya kai kusan 45,000. A wannan shekarar kuma wani masani, Richard Kronick, ya sake lissafi da wasu alƙaluma masu yawa, ya ce idan aka yi la'akari da halin da mutanen suke ciki tun farko, bambancin kusan ɓacewa yake yi. Ta yaya masana za su duba abu ɗaya su saɓa haka?

Mu ɗauki misali daga gona. Malam Tanko ya sa takin zamani, Malam Audu bai sa ba, kuma Malam Tanko ya sami hatsi ninki biyu. Za mu ce takin ne? Wataƙila. Amma wanda ke da kuɗin taki galibi shi ne mai gona a fadama, mai shanun huɗa, mai iya ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masa noma a kan kari. Ko da bai sa taki ba zai fi maƙwabcinsa samu. Irin waɗannan abubuwa su ake kira ɓoyayyun dalilai, watau abubuwan da ke tafiya tare da abin da muke bincike har su rikita mana lissafi.

Haka abin yake ga inshora. Marasa ita a Amurka sun fi talauci, sun fi ƙarancin ilimi, sun fi shan taba, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara haɗarin mutuwa da kansa. Ta wani gefen kuma, wanda ya san yana da ciwo shi ya fi fafutukar neman inshora, matashi mai jini a jika kuwa bai damu da ita ba. Dalili na farko yana kambama amfanin inshora, na biyu yana dusashe shi. Masana sukan yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, amma abin da aka auna kaɗai ake iya cirewa. Ga ƙa'ida ta farko ke nan: ganin abu biyu suna tafiya tare bai isa hujjar cewa ɗaya ne sanadin ɗaya ba.

Maganin wannan matsala daga gona ya fito. A shekarun 1920 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, da ke aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, ya nuna cewa a raba gona ɗaya fegi-fegi, sa'an nan a jefa ƙuri'a domin zaɓen fegin da za a sa wa taki. Ƙuri'a ba ta san fadama ba, ba ta san tudu ba. Saboda haka idan fegin suna da yawa, ɓangarorin biyu za su yi daidai da juna a komai, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ban da takin. Duk bambancin da ya fito daga baya, takin ne ya kawo shi. Abin tambaya shi ne ko za a iya yin haka da inshora.

Gwajin RAND

An yi. Tsakanin 1974 da 1982 wata cibiyar bincike mai suna RAND, ƙarƙashin jagorancin Joseph Newhouse, ta ɗauki iyalai kimanin 2,750, watau mutum fiye da 7,700 'yan ƙasa da shekara 65, a wurare shida na Amurka. Aka rarraba su da ƙuri'a. Wasu komai kyauta ne a gare su, wasu suna biyan kashi 25 cikin 100 na kuɗin asibiti, wasu kashi 50, wasu kashi 95. Aka bi kowane iyali shekara uku ko biyar.

Masu biya daga aljihu sun rage ganin likita da sau ɗaya zuwa biyu a shekara, kwanciyarsu a asibiti kuma ta ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. Duk da haka, ga matsakaicin mutum ba a ga lafiyarsa ta taɓu ba. Inda aka ga bambanci shi ne wurin waɗanda suka haɗa talauci da ciwo: masu hawan jini daga cikinsu sun fi samun sauƙi a tsarin kyauta, har masu binciken suka ƙiyasta cewa haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. Wani abin lura shi ne, da kuɗi ya shiga tsakani, mutane sun rage kulawar da ke da amfani da wadda ba ta da shi baki ɗaya, domin mara lafiya ba shi da hanyar bambancewa.

Sai dai gwajin bai amsa tambayarmu kai tsaye ba. Kowa a cikinsa yana da inshora, kuma ko masu biyan kashi 95 an yanka masu iyakar abin da za su kashe a shekara. An gwada inshora mai kauri da mai sirara, ba a gwada mai ita da mara ita ba.

Ƙuri'ar Oregon

A 2008 jihar Oregon ta sami kuɗin da zai isa ta ƙara talakawa kimanin 10,000 a shirin Medicaid, amma kusan mutum 90,000 suka rubuta sunansu. Domin adalci sai jihar ta jefa ƙuri'a. Masana tattalin arziki, waɗanda Amy Finkelstein da Katherine Baicker ke cikin jagororinsu, suka ga cewa ga gwajin da aka daɗe ana nema ya zo da kansa. Bayan kimanin shekara biyu suka auna lafiyar mutum fiye da 12,000 daga ɓangarorin biyu, aka buga sakamakon a 2013.

Waɗanda suka sami inshora sun ƙara zuwa asibiti da shan magani. An fi gano masu ciwon sukari a cikinsu. Ciwon damuwa ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma kashe kuɗin asibiti irin mai karya gida kusan ya ƙare. Amma a awon hawan jini, da yawan kitse a jini, da matakin sukari, bambancin da aka samu bai kai wanda za a tabbatar ba. Haka ma a mace-mace. Nan take wasu suka ce an gama magana, inshora ba ta ceton rai. Wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma ɗan lissafi kaɗan zai nuna mana dalili.

Lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe

Mutuwa a tsakanin manya 'yan ƙasa da shekara 65 ba ta da yawa. A gwajin Oregon, waɗanda suka rasu a lokacin binciken farko ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Mu ƙaddara muna da rukuni biyu, kowanne mutum 10,000, kuma a shekara mutum 80 ke rasuwa a kowane rukuni. Mu ce inshora tana rage mutuwa da kashi 10 cikin 100. To za mu sa ran ganin 72 a rukunin masu inshora, 80 a ɗaya rukunin. Bambancin mutum 8 ne.

Matsalar ita ce adadin mamata ba ya tsayawa cak. Ko ba a canza komai ba, bana a sami 74, baɗi 88, saboda katari kawai. Masana lissafi sun nuna cewa girman wannan hawa da sauka yana kusa da lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Ga 80, lambar ita ce kusan 9, domin 9 sau 9 shi ne 81. Ke nan muna neman bambancin 8 a cikin rawar da ta kai 9. Tamkar mai neman jin raɗa ne a tsakiyar kasuwa.

Yanzu mu ƙara yawan mutanen zuwa miliyan ɗaya a kowane rukuni. Mamata za su zama 8,000 da 7,200, bambanci 800. Hawa da saukar katari kuwa kusan 90 ne kawai, domin 90 sau 90 shi ne 8,100. A nan bambancin ya fito fili, babu mai musun sa. Ƙarfin inshorar bai canza ba, idon da muke duba ta da shi ne ya ƙara kaifi. A Oregon an ma sami ƙarin cikas, domin kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa suka kammala shiga shirin. Ga ƙa'ida ta biyu: rashin ganin abu a ƙaramin gwaji bai nuna babu shi ba.

Gwajin da ya zo ba da shiri ba

Tun da ba a iya jefa wa miliyoyin mutane ƙuri'a a kan lafiyarsu da gangan, masana sukan nemi wuraren da doka ta raba mutane masu kama da juna. Ɗaya daga ciki shi ne cika shekara 65. Ɗan shekara 64 da wata goma sha ɗaya jikinsa ɗaya ne da na ɗan shekara 65 da wata ɗaya, amma na biyun ya shiga Medicare. David Card, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, tare da Carlos Dobkin da Nicole Maestas, sun duba marasa lafiyar da aka kwantar ta sashen gaggawa a jihar Kalifoniya. Sun zaɓi cututtukan da yawan masu zuwa da su a ƙarshen mako daidai yake da na ranakun aiki, alamar cewa ciwo ne da ba ya jira. A rahotonsu na 2009 sun nuna cewa da an tsallaka shekara 65, mutuwa cikin kwana bakwai na farko tana raguwa da kimanin kashi 20 cikin 100.

Na biyu ya biyo bayan dokar lafiya ta 2010 da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu, wadda ta nemi a faɗaɗa Medicaid ga ƙarin talakawa. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha tana da zaɓi. Daga 2014 wasu jihohi suka faɗaɗa, wasu suka ƙi. Sarah Miller da Norman Johnson da Laura Wherry suka haɗa bayanan ƙidaya da rajistar mutuwa, suka bi masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 55 zuwa 64. Kafin 2014 mace-mace a rukunin jihohin biyu tafiya ɗaya suke yi. Bayan haka suka rabu: a jihohin da suka faɗaɗa, mutuwa ta ragu da kimanin kashi 9 cikin 100. Sun ƙiyasta cewa cikin shekara huɗu an kauce wa mutuwar kimanin mutum 19,200, kuma da sauran jihohin sun bi sahu da an kauce wa wasu 15,600.

Irin wannan hujja tana da ƙarfi, amma mai shakka zai iya cewa jihohin da suka faɗaɗa wataƙila sun yi wasu abubuwan daban a lokaci guda. Ana buƙatar ƙuri'a ta gaske, mai kuma ɗimbin jama'a.

Wasiƙu miliyan 3.9

A shekarun farko na waccan doka, wanda bai da inshora yakan biya tara tare da harajinsa, abin da aka daina daga 2019. A farkon 2017 hukumar karɓar haraji ta Amurka ta shirya aika wasiƙa ga waɗanda suka biya tarar, tana bayyana masu yadda za su sami inshora. Gidaje kimanin miliyan 4.5 suka cancanta, amma aka aika wa miliyan 3.9, kuma da ƙuri'a aka ware waɗanda ba a aika wa ba. Jacob Goldin da Ithai Lurie da Janet McCubbin suka bi sawun abin da ya faru, aka buga bincikensu a 2021.

Wasiƙar ta sa wasu ƙalilan, kimanin mutum 1 cikin 100, sun nemi inshorar da ba don ita ba da ba su nema ba. Wannan ɗan ƙari ya isa a ga tasirinsa saboda yawan jama'ar. A tsakanin 'yan shekara 45 zuwa 64, cikin shekara biyu, an sami ragin mutuwa ɗaya a kowane mutum 1,648 da aka aika wa wasiƙa. A tsakanin matasa ba a ga bambanci ba, kuma ba abin mamaki ba ne tun da mutuwa a cikinsu ƙalilan ce. Takarda ba ta warkar da kowa, kuma ƙuri'a ta daidaita sauran dalilai, saboda haka inshorar ce ta rage bayani mafi ƙarfi. Wannan shi ne babban gwajin ƙuri'a na farko da ya nuna haka.

Yaya abin yake a ƙasashe irin namu?

Ba daidai ba ne a ɗauko sakamakon Amurka a liƙa wa kowace ƙasa, domin mai kati a can yana tarar da likita da magani da na'urori suna jiran sa. Binciken ƙasashe masu tasowa ya nuna muhimmancin wannan sharaɗi.

A 2001 ƙasar Tailan ta fara shirin da ake biyan baht 30, abin da bai kai dala ɗaya ba, a kowane zuwa asibiti, kuma gwamnati ta ƙara wa asibitoci kuɗin kula da talakawa sosai. Kafin shirin, lardunan da suka fi talauci su suka fi yawan mutuwar jarirai. Binciken Jonathan Gruber da abokan aikinsa na 2014 ya nuna cewa bayan shirin wannan tazara ta rufe.

A Gana kuwa, Evelyn Ansah da abokan aikinta sun yi gwajin ƙuri'a a gundumar Dangme ta Yamma da yara kimanin 2,500 'yan ƙasa da shekara 5. Aka biya wa wasu gidaje kuɗin shiga tsarin taimakekeniya, aka bar wasu. Rahoton 2009 ya nuna cewa iyayen da aka biya wa sun ɗan ƙara kai yaransu asibiti, amma ba a ga bambanci a ƙarancin jini ba, wanda shi ne babban abin da aka auna. Cire kuɗin asibiti bai rage nisan hanya ko kuɗin mota ba.

A jihar Kwara ta Najeriya an gudanar da wani shirin inshorar karkara wanda ya haɗa kati mai rahusa da gyaran asibitoci da samar da magani. Rahoton da aka buga a 2014 ya nuna cewa a yankin da shirin ya shiga, lambar sama ta awon masu hawan jini ta sauka da kimanin maki 5 fiye da ta yankin da bai shiga ba. Ba da ƙuri'a aka zaɓi yankunan ba, kuma ba mace-mace aka ƙirga ba, amma likitoci sun san saukar hawan jini tana rage shanyewar ɓarin jiki.

Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2018 cewa a ƙasashe 137 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, mutum miliyan 8.6 sun mutu a 2016 daga cututtukan da asibiti zai iya magancewa. Miliyan 3.6 ba su je asibiti ba, miliyan 5 kuwa sun je amma kulawar da suka samu ba ta da inganci. Inshora tana taimakon rukuni na farko kai tsaye. Na biyu ba za ta amfane su ba sai kuɗin da aka tara ya koma gyaran asibitin.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Najeriya ta yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005, sa'an nan a watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 2018 zuwa 2022 sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye.

Kammalawa

Idan muka tattara hujjojin, amsar ita ce i, inshorar lafiya tana rage mutuwa, amma da bayani. Amfaninta bai bazu daidai a kan kowa ba: ya fi taruwa a kan talaka, da wanda ya manyanta, da mai ciwon da ake iya magancewa. Ga mutum ɗaya mai lafiya, ragin haɗarin ƙarami ne a shekara guda, amma idan aka ninka shi da miliyoyin jama'a sai ya zama dubban iyaye da suka ci gaba da zama da 'ya'yansu. Har ila yau, ƙarfin kati bai wuce ƙarfin asibitin da ke bayansa ba. Kariyar dukiya kuwa, wadda gwajin Oregon ya nuna ƙarara, ita ma riba ce mai zaman kanta.

Ga ɗalibi, ribar darasin ta wuce batun inshora. Duk lokacin da aka ce maka wani magani ko taki ko tsari yana aiki, ko ba ya aiki, yi tambaya uku: da wa aka gwada? Wa ya zaɓi waɗanda suka samu, su da kansu ko ƙuri'a? Mutum nawa aka ƙirga? Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an san yadda aka yi shi.

Aiki a aji

Malam ya tanadi roba biyu. A ta farko a zuba farin wake 900 da jan wake 100, a ta biyu farin wake 920 da ja 80, a gauraya sosai, kada ɗalibai su san wacce ce wacce. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗebo ƙwaya 20 daga kowace roba, ya ƙirga jajayen, ya rubuta, ya mayar. A tambayi kowa wace roba ce ta fi jan wake bisa abin da ya gani shi kaɗai. Daga nan a haɗa alƙaluman dukan ajin a allo, a sake ɗiba sau biyar ana tarawa, a lura da lokacin da bambancin ya fara tsayawa.

Tambayoyi

1. Bayyana bambanci tsakanin adashi da inshora.
2. Mene ne ɓoyayyen dalili? Kawo misali biyu daga noma ko kiwo.
3. Rukuni biyu suna da mamata 400 da 360. Yi amfani da ƙa'idar da aka koyar ka ƙiyasta hawa da saukar katari. Shin bambancin ya fi ta girma?
4. Me ya sa gwajin wasiƙu ya ga abin da gwajin Oregon bai gani ba?
5. A 2006 Jamhuriyar Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocin gwamnati. Mutuwar irin waɗannan yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. A cikin waɗannan shekaru kuma an gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, an raba gidajen sauro, an faɗaɗa ba da sinadarin bitamin A da kula da yara masu tamowa. Shin za a iya cewa magani kyauta ne kaɗai ya kawo ragin? Tattauna.